Kafin Ka Ce "Na Saya"

 Ɗana, saƙonka ya same ni a nan Bakura, na kuma duba hotunan da ka turo ta waya. Ka ce magadan wani attajiri da ya rasu a Talata Mafara ne suka sa motarsa a kasuwa: Marsandi 280 SL ƙirar 1982, mai kujera biyu, wadda ake naɗe rufinta a bar sama a buɗe. Ka ce fentinta na asali ne, kujerunta ba su tsage ba, injin yana tashi da murɗa makulli sau ɗaya, kuma ranka ya biya. Allah ya yi maka albarka da ka nemi shawara kafin ka ba da kafin alƙalami, domin mutane da yawa sai sun biya suke zuwa, lokacin da ba abin da ya rage sai jaje.

Ba zan ce maka kada ka saya ba. Addininmu bai hana mutum jin daɗin abin da ya samu ta hanyar halal ba, kuma na san da gumin shinkafa da albasa ka tara abin hannunka. Abu guda nake so ka riƙe, sauran maganata duk a kansa za ta hau: kyan da ka gani a jikin motar nan wahalar wani bawan Allah ce ta shekara arba'in da ɗoriya. Kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera irin wannan jiki daga 1971 har zuwa 1989, guda sama da 237,000, mafi yawansu aka kai Amurka. Dukansu da kyau iri ɗaya suka fito daga masana'anta. Yau wasu sun zama ɗakin kwanan kaji a bayan gareji, wasu an yanka su an auna a sikeli, ita kuwa wannan tana nan tana sheƙi. Wanda ya riƙe ta shi ya raba ta da sauran. Ranar da ka karɓi makullinta, aikinsa ka gada, kuma aikin ba ya da hutu.

A ƙasar nan buɗaɗɗiyar mota tun asali motar taro ce. Dattawan da suka riski zuwan Sarauniyar Ingila a 1956, da hawan dabar da aka shirya mata a Kaduna, suna ba da labarin manyan baƙi cikin mota marar rufi, ana tafiya sannu-sannu don jama'a su gani. Mu ma mun tashi muna ganin gwamna a tsaye cikin buɗaɗɗiyar Landiroba yana duba faretin 1 ga Oktoba. Fadar Kano kuwa tana da tsohuwar Rolls-Royce da ta gada daga sarakunan baya, in ta fito sai kallo ya koma kanta. To amma a bayan kowace irin wannan mota akwai gareji mai rufi, akwai Sarkin Mota da yaransa, akwai kuma aljihun da ba ya jin nauyin gyara. Mutanenmu sun san wannan a kan doki. A gidan Sarkin Mafara, ko na Sarkin Burmin Bakura, ko na Sarkin Kayan Maradun, ingarman da ke ƙayatar da mutane ranar hawan salla ya yi wata goma sha biyu yana cin harawa da dawa da kanwa, ana yi masa wanka, ana gyara masa kofato, ana share masa barga safe da yamma. Ɗan kallo yini ɗaya ya gani, masu barga shekara suka yi suna yi. Kai yanzu a layin 'yan kallo kake, kana shirin komawa layin masu barga. Ka tambayi kanka ko kana da halin wannan layi.

Ka fara da duba ƙasar da za ka ajiye ta. An ƙera motar ne don garuruwan da rana ke yi wa mutane daɗi. Mu a nan, a watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, kuma rana ba ta barin komai: tana busar da tamfol ɗin rufi har ya fara karyewa a wurin naɗi, tana mai da tagar baya ta roba ja-ja har ba a ganin komai ta ciki, tana tsattsaga fatar kujera da katakon adon da ke gaban direba. Hunturu ya zo da ƙurarsa, wadda ke shiga duk inda iska ke shiga. Damina ta sauka, ruwa ya bi ta robobin ƙofa da suka bushe, ya kwanta a ƙarƙashin darduma ba wanda ya sani, tsatsa ta fara ci daga ciki. In aka bar ta kusa da rumbu ko buhunan shinkafa, ɓeraye su yi sheƙa a cikin injin su gaigaye wayoyi. Ga shi kuma cikinta kusa yake da ƙasa. A kan kwaltar Gusau zuwa Sakkwato za ta yi maka tafiyar da za ka ji daɗi in ka kauce wa ramuka, amma da zarar ka sauka ka nufi fadamun Bakura ko ƙauyukan Maradun, salansa da kaskon baƙin mai ne za su fara gaisawa da duwatsu.

Sai kuma cinta. In ta sha lita 13 ko 14 a kilomita 100, ba a ce ta yi ɓarna ba, haka aka yi ta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba sai da ta haura 1,000 a wurare da yawa a 2024. Kayan gyaranta na asali da kuɗin Turai ake sayo su, ka kuwa san yadda naira ta koma. Wasu abubuwan za ka dace da su a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Ladifo a Legas, wasu kuwa sai an yi odarsu daga waje ka zauna jira. Injinta ba na kafireto ba ne. Tana da na'urar fesa mai ta kamfanin Bosch, irin ta da, wadda ke aiki da matsin mai ba da kwamfuta ba. Bakaniken da ya saba da kafireto bai san kanta ba, wanda ya saba jona kwamfuta ya karanta ciwon mota kuma ba shi da inda zai jona. Na'urar ba ta jure datti ko ruwa a cikin fetur, ba ta kuma son dogon zama, domin man da ya yi watanni a tanki yana yin danƙo ya toshe ta. Ka tuna gurɓataccen fetur ɗin da ya shigo ƙasar nan a Fabrairun 2022, da yawan injinan da ya kwantar. Saboda haka tun kafin ka tambayi kuɗinta, ka tambayi wanda zai riƙa gyara ta, da garin da yake, da ko zai yarda ya zo in ta ƙi tashi.

Ba sai mun je nesa neman darasi ba, ga shi a ƙofar gidanmu. Madatsar ruwan Bakolori da ke ƙasar Maradun, a kan Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina ta, aka gama a 1978, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. An kashe dukiya mai yawa, an tashi garuruwa, har rayukan manoma sun salwanta a rikicin Afrilun 1980, Allah ya jiƙansu. An tsara ban ruwa kashi biyu. Kashi mafi girma na feshi ne, mai famfuna da bututu da wutar lantarki. Ɗaya kashin kuwa na magudanai ne, ruwa yana gangarowa da kansa. Na feshin shi ne abin kallo a lokacin, shi ne kuma ya riga mutuwa, domin kowane famfo da ya lalace sai an nemo kayansa daga nesa, ga wuta ba tabbas. Na magudanai ya fi daɗewa yana ciyar da mutane, saboda manomi da shebur da fartanya yana iya yashe hanyar ruwa. Sai da aka yi shekaru kafin shirin TRIMING na gwamnatin tarayya da Bankin Duniya ya zo da aikin farfaɗo da wurin. Haka ma Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975: ta yi kusan shekara 30 ana ƙera ta, ta cika tashoshinmu, saboda ko a ƙauye ta tsaya akwai mai taɓa ta, kayanta kuma suna rataye a kowace rumfa. Abin da mutanen wuri za su iya gyarawa da hannunsu shi ke daɗewa a wurin. Ka auna motar nan da wannan ma'auni.

In ka auna ka ga za ka iya, to kada ka yi cinikin biri a sama. Hoto ba ya nuna tsatsa. Ka roƙi masu ita kada a tayar da ita kafin ka iso, ka je da sassafe tare da bakaniken da ya san tsofaffin Marsandi, wanda kai ka ɗauko shi, kai za ka biya shi. Ka ɗora tafin hannunka a kan bonet ka tabbatar da sanyi, domin injin da ya yi ɗumi yana ɓoye ciwonsa. Ka zaro sandar awon baƙin mai ka duba: in ya yi fari-fari, ruwa yana haɗuwa da shi. Sannan a tayar, kai kana tsaye a baya kana kallon salansa. Hayaƙi shuɗi alamar injin yana cin baƙin mai ne, fari mai kauri da ya ƙi yankewa kuma alamar gaskit ne. Bakanike ya kasa kunne a gaba ya ji ko sarƙar injin tana kaɗawa a daƙiƙun farko.

Daga nan ka koma kan jiki. Ka naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle don kada ya karce fenti, ka bi da shi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi. Duk inda ya ƙi kamawa, ba ƙarfe a wurin, ciko ne aka shafa aka bi da fenti. Ka durƙusa ka ɗaga darduma ta gefen direba da ta gefen fasinja, ka taɓa ƙasan da yatsa, ka shinshina ko akwai warin danshi. Ka buɗe but ka fitar da tayar safiya ka leƙa raminta. Ka sa a duba ƙasan gilashin gaba, inda ruwan sama ke taruwa kafin ya sauka, domin nan ne irin wannan mota ta fi ruɓewa, gyaransa kuma yana da tsada ƙwarai. Rufin tamfol kuwa ka ɗaga shi da hannunka, ka kulle shi, ka shiga ciki ka zauna, ka sa yaro ya kwara bokitin ruwa a sama. In ɗigo ya sauko maka a kafaɗa, ka san abin da damina za ta yi. Ka tambayi rufinta na ƙarfe, wanda mutum biyu ke ɗagawa su ɗora, domin rashinsa ragi ne a kuɗi. Ka karanta lambobi huɗu da ke gefen kowace taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Taya tana iya zama da zanenta cif amma ta tsufa, ta fashe a kan kwalta mai zafi. A ƙarshe ku hau ku yi tafiya har injin ya yi zafi sosai, ku ratsa cunkoson ranar Talata a bakin kasuwa, idonka yana kan allurar zafi. Motar da ta jure wannan ba ta tafasa ba, lagiretonta lafiya yake.

Kada ka dogara da agogon kilomita, yana lalacewa, ana kuma iya mai da shi baya. Robar birki da sitiyari da gefen kujerar direba sun fi shi faɗin gaskiya. Wanda ya fi su duka kuwa shi ne direban marigayin, in yana raye. Ka neme shi har gida, ka gaishe shi da girmamawa, ka zauna ka saurara. Shi ya san shekarar da aka sauke injin, da ranar da aka taɓa bugun ta, da abin da take ƙi, da bakaniken da hannunsa ya karɓe ta. In akwai littafin da ake rubuta juyen mai da gyare-gyare, ka ɗauke shi da daraja, domin shi ne shaidar kulawar da kake shirin biya.

Takardu ma sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya: ta kwastan, ta shaidar mallaka, lasisi, da inshora. Lambar shasi da ke jikin mota ta yi daidai da ta takarda harafi da harafi, haka ma lambar injin. A Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka duk motar da aka ce maka ta shigo kwanan nan ta Kwatano ko ta Maraɗi, ka ninka bincike. Ka sa bakanike ya duba ko an taɓa juya sitiyarinta daga dama zuwa hagu. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, motocin da ake kawowa daga Ingila kuwa da sitiyarin dama suke zuwa, juyin da wasu ke yi musu kuma yana taɓa birki da wayoyi.

Yanzu ga maganar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina. Motar nan kayan gado ce. Daga lokacin da mai ita ya cika, ta tashi daga hannun mutum ɗaya ta koma haƙƙin mutane da yawa. Sai an biya bashin mamaci, an zartar da wasiyyarsa, sannan magada su raba. Babban ɗa da ke riƙe da makulli ba shi kaɗai ke da ita ba. Akwai matan marigayin, akwai 'ya'ya mata da ke gidajen aurensu, wataƙila akwai ƙanana da ba su san ma ana ciniki ba. Ka nemi yardar kowa a rubuce, ko takardar kotun shari'ar da ta raba gadon, ko ta wanda aka naɗa wakili. Ka san gargaɗin da ke cikin Suratun Nisa'i a kan cin dukiyar maraya, ka kuma san aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Motar da aka saya a kan kukan maraya ba ta da albarka, ko da ba ta taɓa tsayawa a hanya ba.

Kada kuma ka ga suna cikin buƙata ka matse su. Ka taya da adalci. Abin da bakanike ya gano na aibi ka faɗe shi yadda yake, a rage kuɗi gwargwadonsa, amma kada ka ƙirƙiri aibin da babu don ka karya farashi. In wani ya riga ka tayawa kuma magana ta yi nisa, ka ja da baya har su rabu. Dillali ku yanke la'adarsa tun farko a gaban shaidu. In ka ji ana cewa wani Alhaji daga Kano yana hanya da kuɗi a hannu, kada hankalinka ya tashi. In gaskiya ne, rabonsa ne, in kuwa an faɗa ne don a zuga ka, to shari'a ta hana irin wannan zugi. Hadisin Hakim ɗan Hizam ya koyar da mu cewa albarkar ciniki tana tare da gaskiya da bayyana aibi daga ɓangarorin biyu, ɓoyewa da ƙarya kuma suna shafe ta. Malamanmu na Malikiyya, tun daga Risala, sun ba mai saye damar mayar da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Wannan kariya ce gare ka yau, gobe kuma in kai ne mai sayarwa, nauyi ne a wuyanka.

Ka rubuta mini cewa ko ba komai jari ce, tsofaffin motoci kullum tashi suke. Ka yi hattara da wannan lissafi. Gaskiya ne a watan Mayun 2022 an sayar da wata Marsandi ƙirar 1955 a kan yuro miliyan 135, amma irinta biyu kacal aka taɓa ƙerawa. Taka kuwa tana da 'yan'uwa dubbai. Masu biyan kuɗi mai tsoka a kan tsofaffin motoci yawancinsu suna Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. A nan gida 'yan kaɗan ne, a Legas da Abuja da Kano da Kaduna, kuma sun san abin da suke nema. Buhun shinkafa in ka matsu ka kai shi kasuwar Mafara da safe, kafin azahar ka riƙe kuɗinka. Mota irin wannan tana iya shekara tana jiran mai saye, tana cin kuɗi tana jira, ranar da ka matsu kuma ranar ce za a taya maka ita da arahar da za ta ba ka haushi. In kuma da niyyar kasuwanci ka saye ta, hukuncin zakkarta ya bambanta da na motar hawa, sai ka tambayi malaminka tun da wuri.

Akwai kuma maganar ido. Garuruwan nan uku kowanne ya fitar da gwamna: Bakura a 1999, Mafara a 2011, Maradun a 2019. Jama'armu sun ga jerin gwanon motoci iri-iri. In don a kalle ka ne, kallon na mako biyu ne, daga nan sai a saba. Waɗanda ba za su saba ba su ne waɗanda ba ka so su san ka. Ka fi ni sanin halin da hanyoyinmu suke ciki, da yadda masu tsegunta wa ɓarayin daji ke zaune cikin mutane. Motar da babu irinta a ƙananan hukumomi uku tana faɗin sunanka da inda ka nufa tun daga nesa. Shugabannin duniya ma sun rage shiga buɗaɗɗiyar mota tun da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka a cikinta a Dallas, ranar 22 ga Nuwamba, 1963, su da ke da dakaru. Ka kuma tuna da bayin Allah da suka baro ƙauyukansu suka fake a cikin gari, waɗanda za ka riƙa wucewa ta gabansu. Ban ce ka ɓoye ni'imar Allah ba. Na ce ka san lokacin fita da wurin fita, kuma hannunka ya riƙa isa gare su fiye da yadda ƙurar motarka ke isa.

Saboda haka ka zauna kai kaɗai da takarda da alƙalami. Akwai bashin wani a kanka? Kuɗin makarantar yara na bana da na baɗi yana gefe? Mahaifiyarka ba ta rasa komai ba? Takin bana da man injin ban ruwa da haƙƙin 'yan ƙwadago sun fita? Ka sauke farali, ko kana da tanadinsa? In duk waɗannan sun tsaya da ƙafafunsu, kuma kuɗin motar daga rarar da ta saura zai fito, ka ƙara ware kamar rubu'in kuɗinta a gefe don shekarar farko, domin motar da ta daɗe a ajiye tana fito da ciwonta ne bayan an fara hawa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. In kuwa sai ka taɓa jari ko ka ci bashi, to amsar ta fito, ka haƙura.

In Allah ya ƙaddara taka ce, ka riƙe ta yadda mai ita ya riƙe ta. Ka tanadi ɗaki mai rufi da daɓen siminti, nesa da hatsi, kafin ta iso. Ka fitar da ita duk mako ta yi tafiya har ta yi zafi, domin tayarwa a tsaye na minti biyar ba ya wadatar da ita. Kada ka naɗe rufin yana jiƙe. Ka juye baƙin mai bisa lokaci ko da ba ta yi tafiya mai yawa ba, man birki kuma duk shekara biyu. Kada a zuba mata ruwan rijiya a lagireto, yana barin ƙanzo ya toshe hanyoyi, a sa ruwan da aka yi don haka. Ka sha mai a gidan mai ɗaya da ka amince da shi, ka tsaya a kan bakanike ɗaya. Duk abin da aka cire aka sa sabo, ka adana tsohon, ka rubuta rana da kuɗi a littafi. Ranar da wani ya ba ka shawarar a cire injinta a dasa na Toyota don sauƙi, ko a sauya fenti, ko a huda ƙofofi a sa manyan lasifika, ka ce masa a'a, domin darajarta tana cikin zamanta yadda aka ƙera ta. Kujera biyu gare ta, mutum biyu za ta ɗauka. Kada a jera yara a bayanta ranar salla, kada kuma ka ba samari aronta su yi wasan mota a biki, ka san gidaje nawa wannan wasa ya sa zaman makoki. Ka jawo ɗaya daga cikin 'ya'yanka ya riƙa tsayawa kusa da kai in ana wanki ko juyen mai. Abin da zai koya a nan, na tattali da haƙuri da tsabta, zai yi masa amfani a gona da shago da gidan aurensa.

In kuma lissafi ya nuna maka ba yanzu ba, kada ka ji ka yi asara. Ka koma wurin magadan ka faɗa musu gaskiya, ka ba su shawarar su yi haƙuri har su sami wanda ya san darajarta, kada gaggawa ta sa su miƙa ta ga masu farke mota su sayar da kayanta ɗaiɗai. In ka san mutumin kirki mai hali da zai iya riƙe ta, ka haɗa su don Allah. Ka ga ka taimaki marayu, ka kuma mutunta wahalar mahaifinsu, ba tare da ka ɗora wa kanka abin da ya fi ƙarfinka ba.

Ka yi istihara kafin ka yanke, ka kuma shawarci maiɗakinka, tunda tare za ku ji daɗin abin ko nauyinsa. Duk abin da ka yanke bayan haka, ina tare da kai. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya tsare ka a hanya da gida, ya sa albarka a cikin nemanka, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Ka gaishe da mahaifiyarka da yara.

Naka,
Baffanka